Surukina Mai Haƙar Kwal

Ranar da Baba, mahaifin matata, ya rasu babu wanda ya taka ƙofarmu. Ba rashin zumunci ba ne, doka ce ta hana. Korona ta yi zafi a Kuala Lumpur a lokacin, an datse hanyoyi, masu gadin benenmu a unguwar Danau Kota kuma ba sa barin baƙo ya wuce get ko da uwarsu ce. Sai aka yi mana zaman makoki ta waya. Matata na zaune a ƙasa da 'yarmu a cinya, ni kuma ina fama da wayoyi biyu, wannan ta yi shiru waccan ta ɗauka.

Matan zumunta na cocinmu sun yi abin da za su iya. Wata ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka ta ba mai babur ya ajiye mana a ɗakin masu gadi. Wata ta yi mana tapau, wato abincin tafi-da-gidanka, daga wajen mamak, mai sayar da abinci na ƙasan gidansu, shinkafa da kaza a ƙunshe cikin takarda. Fasto ya yi addu'a ta bidiyo, hoton ya tsaya cak bakinsa a buɗe, kafin ya dawo mun riga mun ce amin. Daga Kafanchan kuwa ƙanwar Baba, wadda muke kira Gwaggo, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Abu ɗaya take ta maimaitawa: "Wa ya aike shi? Mutum ya fito daga rami lafiya, ya je ya mutu a saman bene a garin da ba a san ubansa ba!"

Duk wanda ya gama da matata sai ya juyo kaina. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Suruki irinka sai an tona." Yayan matata, babban ɗan Baba, ya ce na riƙe musu tsoho kamar shi ya haife ni. Ni kuwa duk wanda ya faɗi haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunya nake ji, kunya mai nauyi, har yau ba ta sake ni ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da mutumin, don kuma 'yata ta san wane ne kakanta idan ta yi wayo.

Ba zan kama sunansa ba. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, a gidanmu ba a kiran sunan suruki, ba a cin abinci a gabansa, ba a kallon tsabar idonsa, ɗakinsa kuwa ko gobara ta tashi sai ka yi sallama daga bakin ƙofa. Baba yana yi mini dariya a kan wannan. Yakan ce wa matata, "Mijin nan naki da a rami yake da yunwa ta kashe shi. Can a ƙasa kwano ɗaya ne, da suruki da kawu da wanda ba ka jin yarensa." Amma bai taɓa tilasta mini ba. Ya bar ni da kunyata, yana kirana Malam, in ya so tsokana ya ce Malam Dokta, alhali digirin bai zo hannu ba tukuna.

Ya zo ne don ganin jikarsa da aka haifa, don kuma likita ya duba masa ƙirji. Matarsa, Mama, ta riga ta rasu, shi ya ce zai zo a madadinta, ko da bai iya wankan jego ba ai ya iya riƙon jariri. Wata biyu aka shirya zai yi. Kafin su cika aka rufe iyakoki. Da aka fara kwashe mutane zuwa gida kuma likita ta ce huhunsa ba zai ɗauki doguwar tafiya a jirgin sama ba. Haka muka zauna mu huɗu a gida mai ɗaki biyu, ɗakinsa da namu bango ɗaya ne ya raba.

Da ƙuruciyarsa Baba a jirgin ƙasa ya fara, shi ne mai zuba wa injin kwal da shebur, daga Kafanchan har inda layi ya kai. Da aka kawo injuna masu shan dizal aikinsa ya mutu, sai ya bi kwal ɗin zuwa inda ake haƙo shi, ya shiga rami a Inugu. A can ya ƙare ƙarfinsa. Bayan hannuwansa da goshinsa akwai wasu tabbai masu duhu fiye da fatarsa, inda dutse ya yanke shi ƙurar kwal ta shiga ciwon ya warke da ita. Yakan nuna wa jikarsa su kamar tana ganewa, ya ce, "Kin ga takardar shaidata. Babanki tasa a bango zai rataya, tawa da ita za a binne ni."

Ni kuma, ka ji ikon Allah, karatuna a jami'ar da ke Jalan Semarak a kan kwal ne. Ina binciken yadda za a rage hayaƙin da tashoshin lantarki masu ƙona kwal suke fitarwa, hayaƙin nan da ke taruwa a sama yana ɗumama duniya. Wato suruki ya haƙo, suruki yana neman yadda za a daina.

Abin da ya fara ba Baba mamaki a garin nan shi ne wuta. Ya yi mako guda yana jiran a ɗauke. Da magariba ɗaya ya tsaya a baranda yana kallon dogayen gine-ginen tsakiyar gari suna kunna fitilu, ya kira matata ya ce, "Wai mutanen nan ba sa ɗauke wuta ne? Da me suke yin ta?" Ta ce in ba shi amsa. Na ce, ina kallon ƙasa, kaso mai yawa daga kwal ne, a jirgin ruwa ake kawo shi daga Indonesiya da wasu ƙasashe. Kai, ban taɓa ganin tsoho ya yi murna irin ta ranar ba. Ya dafa ƙarfen baranda da hannu biyu ya ce, "Kwal? Duk wannan? Ashe muna nan da ranmu! A gida an ce mana mun zama tsohon yayi." Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Duk da haka bai yarda a bar fitila a kunne a banza ba. Ka fita daga falo ka ɗebo ruwa, kafin ka dawo ya kashe. Ka zauna kana tunani ba ka karatu, sai ka ji ƙas, ya latse makunni ya wuce abinsa. Ba rowa ba ce. Ya ce dokar rami ce: fitilar da ke goshin hularka batir ɗinta na aiki ne da na hanyar fita, in ka zauna hutawa sai ka kashe ta. "Mai zaune ba ya ƙona fitila," in ji shi. Helimansu ma, shugaban aikinsu, in ya ga haske a wurin hutu sai ya jefo wa mutum tsakuwa. Matata ta gaji da faɗa ta bar shi, ni kuma nakan ce a raina ga ɗan gwagwarmayar muhalli wanda bai san kansa ba.

Sai tarin. Tari ne mai zurfi, kamar ana jan buhu a kan siminti, ya fi shekarun aurenmu nesa ba kusa ba. Amma ka yi irin wannan tari a cikin lif a shekarar korona ka gani. Wata rana muna saukowa ya sarƙe shi, takunkumi a fuskarsa kuwa, wata mata ta danna maɓalli ta fice da 'ya'yanta a hawan da ba nata ba, tana duba mu kamar mun zo da bam. Baba ya share ido ya ce, "Ku gaya mata ta kwantar da hankalinta. Tarina ya girmi koronarsu." An gwada shi ba sau ɗaya ba, babu komai sai ƙurar da ta zauna a huhu. Amma maƙwabta suka kai ƙara ofishin bene, mu baƙi ne, baƙaƙe kuma, ba ma son fitina. Na roƙi matata ta roƙe shi ya rage fita. Ya daina sauka sai in zai kai abinci.

Abincin kuwa na wani mutum ne da ke share matattakalar benen, ɗan Indonesiya, siriri, ba ya magana da kowa. Na yi shekaru ina wuce shi, ko sannu ban taɓa ce masa ba. Baba kuwa ganin farko ya tsaya. Ya ce yadda mutumin yake tsuguno a kan dugadugansa, kai a sunkuye ko da babu abin da zai buge shi, ya isa shaida. Ya kama hannunsa ya juya, ga irin tabban nan. Ashe a ramukan kwal na ƙasarsu ya yi aiki kafin ya ƙetaro. Babu yaren da ya haɗa su. Baba na da kalma biyu ta Malay, makan, wato ci, da boleh, wato ya yiwu, shi kuma yana kiran Baba Atuk, wato kaka. Da kulle ya yi tsanani aka rage musu ranakun aiki, sai Baba ya riƙa raba abincin ranarsa biyu, ya zuba rabi a roba ya sauka da shi. Matata ta ce za ta ƙara sanwa. Ya ce a'a, in ba daga kwanonsa ya fito ba to ba shi ya bayar ba. Zama suke yi a matattakala, tazara a tsakaninsu, wannan ya yi tari wancan ya amsa, su yi dariya.

Mun yi faɗa sau ɗaya, in za a kira shi faɗa, don ta bakin matata aka yi shi. Ana labarin ambaliya a talabijin, na ce wa matata, da ƙarfi yadda zai ji, ai ga sakamakon ƙona kwal nan. Baba ya ajiye cokali.

"Ki tambayi mijinki, wannan kwamfutar da yake kwana a kanta, da hasken farin wata take aiki?"

"Ki gaya wa Baba ai shi ya sa muke neman a canza. Akwai rana, akwai iska, akwai ruwa."

"Ki ce masa mu a gida ko ta kwal ɗin ba mu samu ba. Asibitin garinmu da tocila ake karɓar haihuwa. Sai wanda ya ƙoshi yake cewa tuwo ya yi gishiri."

"Ki gaya wa Baba ba mu muka fi ƙonawa ba, amma gonakinmu ruwan yake fara ci."

Matata ta miƙe ta ce, "Ni ba gidan waya ba ce! Ga ku ga juna, ku kashe kanku." Ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki. Muka zauna, shi yana kallon talabijin ni ina kallon tayil. Can sai ya yi dariya, ya turo mini ragowar namansa a faranti, ya tashi don in samu damar ci. Gaskiyar Allah, da a nan maganar ta tsaya da yau ba ni da abin rubutawa sai yabo.

Bayan nan numfashinsa ya ƙara ja baya. Likita ta sa aka kawo masa injin iska, wata na'ura kamar ƙaramin firiji da ake jonawa da lantarki, tana tace iska ta turo masa ta siririyar roba zuwa hanci. Ta ce ya riƙa zama da ita yawancin yini. Injin yana da wani gurnani mai laushi da nake ji ta bango ina karatu, har na saba da shi. Baba ya sa masa suna Tarago, yana cewa a tsufansa an sake ɗaura shi a bayan inji.

Sai ranar da zan gabatar da bincikena a gaban malamaina. Saboda kulle, daga teburin falo zan yi ta bidiyo. Na sa kwat a sama, gajeren wando a ƙasa, kamar kowa a shekarar. Ina shirin farawa na ji motsi. Na waiga, ga Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta zuwa coci, har da hula, ya ja Tarago zuwa bakin ƙofarsa, ya zauna a kujerar roba inda kyamara ba za ta kama shi ba. Ya ce wa matata a hankali, "Surukina zai yi magana a kan kwal a gaban manya. Ai dole in halarta."

Na ji maganar, Allah ya sani na ji. Amma na riga na haddace abin da zan faɗa, tsoron malamai ya cika mini ciki, ban sauya ko kalma ɗaya ba. Na ce kwal shi ne mafi ƙazanta a cikin duk abin da ɗan Adam yake ƙonawa. Na ce kowane buhu da aka fito da shi daga ƙasa nauyi ne a wuyan 'ya'yan da ba a haifa ba. Na ce a gari irin wannan duk na'urar da aka bari a kunne ba bisa larura ba, wani wuri ana zuba kwal a wuta saboda ita. Da Turanci na faɗa, na manta cewa mutumin da ya yi aiki a jirgin ƙasa yana jin Turanci sarai. Babu ƙarya a cikin abin da na faɗa, har gobe zan iya kare shi a gaban kowa. Malamai suka yaba, ɗaya ta ce, "Very good lah." Da na rufe kwamfuta na juya, kujerar roba babu kowa. Ya shiga ɗaki ya cire rigar ya ninke.

Da yamma ya ce wa matata ta yi mini barka, na yi ƙoƙari. Daga ranar bai sake tsayawa a baranda ba, bai sake nuna wa jikarsa tabbansa ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka ina karatu da rana sai na ji gidan ya yi wani irin tsit. Na ɗauki lokaci kafin in gane gurnanin injin ne babu. Na tashi na je bakin ƙofarsa, labule a sake, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar. Ƙafata ta ƙi shiga. Haba, in faɗa ɗakin suruki yana kwance? In ce masa me, in ba shi umarni? Na koma na kira matata daga kicin. Ta shiga, na ji ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Baba, wa ya kashe wannan? Dubi leɓunanka!"

"Ni na kashe. Ina zaune ne, ba aikin da nake yi."

"Numfashi ba aiki ba ne? So kake ka kashe ni?"

"To, kunna. Kada ki yi kuka a gaban yarinya."

Ta kunna. Ya yi mata alkawari. Amma ni da ke jingine da bangon nan kullum na san gaskiya: da zarar ta shiga wanka ko ta sauka karɓo saƙo, sai gurnanin ya ɗauke, in ya ji motsin makullinta ya dawo. Nakan gaya mata, ta je ta yi faɗa, ya ce Malam kunnensa ne ke yaudararsa. Muka ɗauka tsohuwar dokar ramin ce kawai take damunsa. Ko in ce ita ta ɗauka haka. Ni zuciyata ta san akwai wani abu a ƙasa, na danne ta.

Wata rana matata ta kai yarinya rigakafi, ruwan la'asar ya tsare su a can. Mu biyu ne a gida. Injin ya yi shiru. Ina ta juyi a kujera sai na ji ya kira.

"Malam."

"Na'am, Baba." Na je na durƙusa a bakin ƙofa.

"Shigo mana."

"Nan ma ya isa, Baba."

Ya yi ɗan tari ya huta. Ya ce, "Ni bokona bai yi nisa ba, amma na gane abin da ka faɗa wa mutanen nan. Ruwan da ke cin gonaki, da zafin da ake yi yanzu, ka ce hayaƙin kwal ne."

"Yana daga ciki, Baba."

"To zan tambaye ka, ka ajiye surukuta a gefe. Abokaina da yawa suna can ƙasa, wasu dutse ya rufe, wasu wannan tarin ya ɗauke su. Muna cewa ƙasa muke ginawa. Abin da muka yi da ƙuruciyarmu, aiki ne ko ɓarna?"

Ruwa yana dukan taga. Ina kallon ƙafafunsa a kan tabarma, sun kumbura. Na nemi magana mai laushi wadda ba ƙarya ba, wadda kuma ba za ta sa in zama mai yi wa suruki lacca ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ai a lokacin ba a sani ba."

Ya maimaita a hankali, "Ba a sani ba." Sannan ya ce, "To. Na gode da ba ka ɓoye mini ba. Allah ya gafarta mana. Je ka, karatunka na jira."

Na ce, "Baba, injin."

Ya miƙa hannu ya kunna, don dai in tafi. Ni kuwa sakarai na koma tebur ina ganin na yi dabara, na ba da amsar da ba ta ɓata wa kowa rai ba. Sai da na zauna na sake jin maganar a kunnena, na gane abin da na ce masa: ɓarna ce, amma an yafe maka don jahilci. Na ce gobe zan gyara. Gobe ta zo matata na gida, na ji nauyin tayar da zancen a gabanta. Jibi ya tashi da zazzaɓi. Haka na yi ta ɗagawa.

Motar asibiti ce ta zo ta ɗauke shi. Masu ɗaukarsa sun rufe jikinsu ruf da fararen kaya, ba su bari ko matata ta shiga ba. Mai shara yana tsaye a bakin matattakala da tsintsiya a hannu, yana ta cewa, "Atuk, Atuk." An sake gwadawa, ba korona ba ce, huhun ne ya gaji. Daga baya na tambayi likita ko kashe injin da yake yi ne ya jawo. Ta ce babu wanda zai iya cewa e ko a'a, huhun ya daɗe da lalacewa. Na so ta ce a'a, ba ta ce ba.

Asibitoci sun cika maƙil a lokacin, ba a barin kowa ziyara. Wata nas mai kirki ta kira mu ta bidiyo da wayarta. Matata ta yi magana da shi tana kuka, ta ɗaga masa jikarsa, sannan ta miƙo mini. Ranar ce na fara kallon fuskar Baba sosai, ido cikin ido, tun da na auri 'yarsa. An rufe masa hanci da baki da roba, ba ya iya magana, amma yana ji, idonsa a kaina. Ga dama ta samu. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Baba, ina wuni? Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Ya ɗaga yatsu biyu. Nas ta leƙo ta ce a yi haƙuri, akwai wasu marasa lafiya da ke jiran wayar. Washegari da hantsi suka kira suka ce ya cika.

Kai gawa gida bai yiwu ba. A wata maƙabartar Kirista da ke bayan gari muka binne shi, mu 'yan tsiraru da doka ta yarda, kowa da takunkumi, Fasto yana karatu da sauri don akwai wasu a layi. Matata ta riƙe waya sama don Gwaggo da su Yaya su ga an sa shi a ƙasa.

A Kafanchan suka shirya sujadar tunawa da shi. A irin wannan sujada akan karanta tarihin mamaci a gaban jama'a, inda aka haife shi, aikin da ya yi, 'ya'yan da ya bari. Yaya ya tara dangi a waya don a daidaita abin da za a faɗa, aka sa mu a ciki. Ya karanto: an haife shi a wuri kaza, ya yi baftisma, ya yi aiki da jirgin ƙasa, ya yi ritaya, ya yi hidima a coci. Gwaggo ta katse shi ta ce, "Ina Inugu? Ina ramin?"

Yaya ya ce, "Gwaggo, Baba da kansa ya kira ni kafin a kai shi asibiti. Ya ce in an zo karanta tarihinsa kada a ambaci kwal, a tsaya a jirgi. Ya ce yanzu an gano abin ba alheri ba ne, ba ya so a riƙa nuna jikokinsa da shi. Ko ba haka ba ne, Dokta? Kai ka san waɗannan abubuwa."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na manta da kunya, na manta a gaban surukai nake. Na ce wallahi sai an sa. Na ce aiki ne, aiki mai daraja. Kwal ɗin da irinsu suka haƙo shi ya ja jiragen da suka kai gyaɗa da auduga bakin teku, shi ya kai marasa lafiya da 'yan makaranta inda za su, shi ya ciyar da gidan da aka raini matar da nake aure. Na ce in duniya za ta bar kwal, kuma dole ta bari, to ta bar shi tana godiya ga waɗanda suka ba da huhunsu, laifin hayaƙi ba a wuyan mai diga yake ba. Na ce ni da karatuna duka a kan bayan irinsu muke tsaye. Na yi ta magana har muryata ta karye. Gwaggo ta kama shessheka a layin. Yaya ya ce, "Shi ke nan, suruki, ka yi magana. Za a sa. Allah ya yi maka albarka."

Aka kashe waya. Matata tana zaune a bakin gadon Baba tana ninke kayansa a akwati, duk ta ji abin da na faɗa. Ba ta ɗago ba, babu faɗa kuma a muryarta. Ta ce, "Ashe duk wannan yana bakinka?"

Na tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, "Shigo mana. Yanzu ai ba kowa a ɗakin."